Idan Foldar Ofis Ta Ƙi Jonuwa da Kanta

 Jama'a masu sauraro, wannan filinmu ne na kwamfuta da sadarwa. Maganar yau ta masu kula da kwamfutocin ofis ce: na ɗakin kwamfuta a makaranta, na sashen ajiye bayanan marasa lafiya a asibiti, na maɗaba'a, na ofishin akanta, har da gidajen rediyo, inda muryoyin shekara da shekaru ke jibge cikin na'ura ɗaya. Mai biro da takarda ya matso da su kusa, domin akwai 'yan kalmomi da lambobi da zan so ku rubuta.

A irin waɗannan wurare akan ware na'ura guda a tara aikin kowa a cikinta, ko dai babbar kwamfutar da ake kira saba, ko ɗan akwatin ajiya da ake kira NAS. Sauran kwamfutoci ta waya ko ta Wi-Fi suke isa gare ta. Abin da ake so shi ne da zarar ma'aikaci ya kunna kwamfutarsa, foldar ofis ta jonu da kanta, ya gan ta tamkar a cikin injinsa take. A Windows takan fito da harafi, misali Z. A Linux takan zauna a wata folda da aka tanadar mata, galibi a ƙarƙashin /mnt. Ran da abin ya ƙi, mai Windows zai ga alamar X ja a kan harafin, mai Linux kuwa ya buɗe folda ya tarar da ita fayau. Nan take hankali ya tashi, a ce aikin shekara ya salwanta. Ku kwantar da hankalinku. Mafi yawan lokuta aikin yana nan lafiya lau inda aka ajiye shi, hanyar zuwa wurinsa ce ta katse.

Tsari biyu ne suka fi yawa wajen wannan rabon fayil. Na farko SMB, wanda aka fara ƙirƙira a kamfanin IBM a 1983, daga baya Microsoft ya rungume shi ya zama hanyar Windows. A farkon shekarun 1990 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Andrew Tridgell, ya rubuta manhajar Samba, wadda ta ba kwamfutocin Unix da Linux damar shiga wannan tsari, kuma ita ce ke aiki a cikin yawancin akwatunan NAS da ake sayarwa yau. Na biyu NFS, na kamfanin Sun Microsystems, tun 1984, wanda ya fi yawa tsakanin Linux da Linux. Kafin ka taɓa komai, san wanne ofishinku ke amfani da shi.

To, ga abin da nake so kowa ya riƙe a yau. Kada ka fara da sake sanya Windows, kada ka fara da canza waya, kada ka fara da kwafo umarni daga intanet kana liƙawa ba tare da ka fahimce shi ba. Fara da gwaji ɗaya tak: jona foldar da hannunka. Bayan kwamfuta ta gama tashi, ka ga netwok ya kama, idan Linux ce buɗe tagar umarni ka rubuta sudo mount -a, wato mount, sarari, karan ɗori, harafin a. Wannan umarni yana cewa a jona duk abin da aka lissafa a fayil ɗin /etc/fstab. Idan Windows ce, danna harafin nan mai alamar ja sau biyu.

Amsar wannan gwaji ita ke raba maka hanya gida biyu. In ta jonu da hannu lami lafiya, to adireshi daidai ne, kalmar sirri daidai ce, izini daidai ne. Matsalarka ta lokaci ce kawai. In kuwa da hannun ma ta ƙi, to ka bar zancen jonuwa da kanta tukuna, akwai abin da ya karye a hanya, ko a sigar tsarin, ko a izini.

Bari in daɗe a kan matsalar lokaci, domin a ƙasarmu ita ce uwa uba, saboda yadda wuta ke zuwa tana tafiya. An ɗauke wuta, komai ya mutu. An tada janareta, komai ya samu wuta a daƙiƙa ɗaya. Amma ba a daƙiƙa ɗaya suke gama tashi ba. Kwamfutar tebur mai faifan SSD tana iya gama tashi cikin ƙasa da rabin minti. Rawuta da suwic suna ɗaukar nasu lokacin. Akwatin NAS mai faifai masu juyawa yakan ɗauki mintuna, kuma tunda mutuwar bazata ya yi, yana iya tsayawa duba lafiyar faifansa kafin ya fara amsa kowa. Abin kamar yaron da aka aika kanti da sassafe ne: ya je ya tarar mai kanti bai buɗe ba, ya dawo ya ce babu, kuma ba zai koma ba sai an sake aikensa. Haka layin fstab yake a yadda aka saba rubuta shi. Yana gwadawa lokacin tashi, in bai samu ba shi ke nan.

Yawancin Linux na yanzu, irin su Ubuntu da Debian da Fedora, suna tashi ne ta hannun systemd. Shi ne kuke gani wani lokaci ya tsaya a baƙin allo yana ƙirga daƙiƙoƙi har zuwa minti ɗaya da rabi. Daƙiƙa 90 ke nan, wa'adin da ya saba bai wa aiki kafin ya haƙura. Mutane kan ɗauka kwamfutar ta lalace, su danne maɓallin kashewa. A'a, jiran saba take yi.

Maganin da na fi yarda da shi shi ne a daina matsa wa kwamfuta ta jona foldar lokacin tashi, a bar ta ta jona a lokacin da aka fara buƙata. A layin fstab, a gurbi na huɗu inda ake jera zaɓuɓɓuka da waƙafi a tsakaninsu, ƙara x-systemd.automount. Na maimaita: x, karan ɗori, systemd, ɗigo, automount. Da wannan, kwamfuta za ta tashi ba tare da jiran kowa ba, sai lokacin da mutum ko manhaja ta leƙa foldar ne za a nemi saba. In ba a same ta ba a wannan karo, za a sake nema a leƙe na gaba. Ƙara kuma nofail, wanda ke cewa rashin wannan folda kada ya hana kwamfuta tashi. Akwai _netdev, mai layin ƙasa a farkonsa, wanda ke shaida wa kwamfuta cewa wannan ma'ajiya sai da netwok. Shi systemd yana gane NFS da SMB da kansa, amma sanya shi ba ya cutar da komai. Bayan ka adana, rubuta sudo systemctl daemon-reload domin ya sake karanta fayil ɗin.

Gargaɗi a nan. Kuskure ɗaya a fstab yana iya hana kwamfuta tashi gaba ɗaya. Kwafi fayil ɗin ka ajiye gefe kafin ka taɓa shi. In ka gama gyara, rubuta findmnt --verify ya duba maka rubutun, sannan ka gwada mount -a, kafin ka sake kunna injin. In sunan foldar yana da sarari a tsakiya, fstab zai ɗauka gurbi ya ƙare a nan, sai ka maye sararin da sanda mai karkata baya da lamba 040. Mafi sauƙi, tun farko a raɗa wa foldar ofis suna marar sarari.

Akwai tsohuwar hanya mai suna autofs, wadda manyan ma'aikatu da jami'o'i suka daɗe suna amfani da ita. Aikinta iri ɗaya ne: jonawa idan an buƙata, sakewa idan an daɗe ba a taɓa ba. Ana tsara ta a /etc/auto.master. Abin da ke ruɗa sababbin hannu shi ne, in ka leƙa babbar foldar ba ka ganin komai, sai ka rubuta cikakken sunan ƙaramar foldar ka shiga sannan ta bayyana. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka gina ta. In kana zargin ta, tsayar da ita, ka rubuta automount -f -v, za ta riƙa faɗa maka a allo duk abin da take yi.

Masu laftof da Wi-Fi, ku lura da wannan. A Linux, idan kalmar sirrin Wi-Fi tana ajiye a asusun mutum ɗaya, netwok ba zai kama ba sai mutumin ya shiga asusunsa, alhali lokacin jona folda ya riga ya wuce. A saitin Wi-Fi akwai zaɓin da ke cewa kowa a wannan kwamfuta zai iya amfani da wannan haɗi. Kunna shi. Masu Windows Pro kuma, a cikin gpedit.msc, sashen shiga asusu, akwai dokar da ke umartar kwamfuta ta jira netwok kafin ta bari a shiga. Kunna ta yana rage yawan alamar jan nan ƙwarai.

Amma ni a ganina, gyaran da ya fi kowanne ba a allo yake ba. In ofis yana da UPS ɗaya ko inbata ɗaya, kada a kai shi teburin shugaba. A ɗora saba da suwic da rawuta a kai. Su ukun nan in ba su mutu ba, sauran kwamfutoci duk lokacin da suka tashi za su tarar da su a shirye. Ban da haka, mutuwar bazata ita ke cinye faifan ajiya sannu a hankali, kuma a faifan nan ne aikin kowa yake.

[Ɗan kiɗa]

Masu sauraro, har yanzu muna kan batun foldar ofis da ta ƙi jonuwa. Yanzu sai ɗaya ɓangaren: ka gwada da hannu, ta ƙi.

Karanta abin da ta ce maka. Kada ka rufe saƙon saboda Turanci ne, lambar da ke jikinsa ma ta isa ta shiryar da kai. A Linux, dmesg da journalctl -b suna nuna rahoton abin da ya faru tun daga tashin kwamfuta, kuma bayanin da ke can ya fi na allo faɗi.

Fara da hanya. Rubuta ping da lambar IP ta saba. In babu amsa, duba waya, duba fitilun suwic. In waya lafiya, tambayi kanka ko sabar tana nan a lambar da ka san ta. Rawuta ce ke raba wa na'urori lambobi ta tsarin DHCP, kuma bayan ɗauke wuta tana iya ba sabar wata lambar dabam. Jiya tana 192.168.1.20, yau ta koma 192.168.1.34, kwamfutoci kuwa suna can suna neman tsohuwar. Shiga saitin rawuta ka keɓe wa saba lamba ɗaya ta dindindin. Aikin minti biyar ne, kuma yana kashe wannan matsala har abada. In ping da lamba ya yi amma da suna ya ƙi, to fassara suna zuwa lamba ce ta samu cikas, yi amfani da lambar kafin ka gyara. Lamba 53 a Windows, da 113 ko 115 a Linux, duk wannan yanki suke nunawa. Sai katangar tsaro: SMB ta ƙofa ta 445 yake shiga, NFS ta 2049, tsohuwar sigarsa ta uku kuma tana buƙatar 111 da wasu ƙarin ƙofofi. Kada kuma ka manta, sabuwar Ubuntu ko Debian tana buƙatar a sanya mata cifs-utils domin SMB, da nfs-common domin NFS.

Sai saɓanin siga, kuma a nan zan yi magana da babbar murya. SMB yana da sigogi: ta ɗaya tsohuwa ce ƙwarai, ta biyu ta zo da Windows Vista, ta uku ta zo da Windows 8 a 2012. Ranar 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150 ta wata kafa da ke cikin siga ta ɗaya. Tana kulle fayil ɗin mutane ta nemi kuɗin fansa. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita, aka juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu wurare. Abin takaicin, Microsoft ya fitar da gyaran wannan kafa tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su sabunta ba ne abin ya ci. Daga nan aka juya wa siga ta ɗaya baya. A ƙarshen 2017 Windows 10 ta fara zuwa ba tare da ita ba, Linux ma daga fitowar 4.13 ta daina fara magana da ita, Samba kuma ta kashe ta a fitowar 4.11 a 2019.

Sakamakon haka, ofis mai tsohon NAS ko tsohuwar na'urar hoton takardu da ke tura sikanin zuwa folda, yana sabunta kwamfutoci sai haɗi ya yanke. Linux takan ba da lamba 112, wadda ke cewa saba ba ta aiki, alhali ga ta nan fitilunta na ci, ko kuma lamba 95. Mai gyara da ke gaggawa zai rubuta vers=1.0 a fstab, ko ya sake kunna siga ta ɗaya a Windows, folda ta dawo, a gode masa ya tafi. Ya buɗe wa ofishin ƙofar da duniya ta rufe bayan ta sha wuya. Ina roƙon 'yan'uwana masu gyara, kada ku yi haka. Ku shiga saitin NAS ɗin tukuna. Da yawansu suna iya siga ta biyu ko ta uku, ba a kunna ba ne kawai, wasu kuma sabunta manhajarsu suke buƙata. In na'urar ba ta iyawa sam, ku gaya wa mai ofis gaskiya cewa lokacin canza ta ya yi. In ba halin saye yanzu, a ware ta daga intanet da sauran kwamfutoci, kuma a san cewa zaman wucin gadi ne. Irin wannan tsaurarawa ba ta tsaya ba: Windows 11 ta 24H2, wadda ta fito a 2024, ta ƙara matsa lamba kan shiga folda a matsayin baƙo marar kalmar sirri. Gyaran da ya dace shi ne a buɗe wa kowane ma'aikaci asusu a kan sabar.

Na uku, izini. Lamba 13 a Linux tana nufin an hana ka shiga. Da farko tambaya ko an canza kalmar sirri a saba ba a canza a kwamfutar ba. A Windows tsohuwar tana nan ajiye a Credential Manager, goge ta ka shigar da sabuwa. Lamba 1219 kuma tana nufin kana son shiga saba ɗaya da sunaye biyu a lokaci guda, abin da Windows ba ta yarda da shi. A Linux, kada ka rubuta kalmar sirri a cikin fstab, domin duk mai asusu a kwamfutar yana iya karanta wannan fayil. Sanya suna da kalmar sirri a wani fayil dabam, ka kulle shi da chmod 600, ka nuna shi a fstab da zaɓin credentials. Kada ka bar sarari a gefen alamar daidai da ke cikin fayil ɗin. In kuma a Windows aka rubuta fayil ɗin aka kwafo, yana iya zuwa da ɓoyayyiyar alamar ƙarshen layi da za ta manne wa kalmar sirri ta ɓata ta. Sake rubuta shi a Linux ɗin.

Wani lokaci folda ta jonu, ana gani, amma ba a iya adana komai. A SMB dalilin yawanci shi ne babban asusu, wato root, shi ya jona ta, don haka ta zama mallakarsa. Zaɓuɓɓukan uid da gid ke mayar da ita hannun ma'aikacin. A NFS kuwa, a tsarin da aka fi amfani da shi, saba ba ta duba sunanka, lambar asusunka take dubawa. A Ubuntu da Debian mutum na farko da aka buɗe wa asusu yana samun 1000, na biyu 1001. In kai ne 1000 a kwamfutarka amma 1001 a saba, a wurinta kai wani ne dabam. Umarnin id zai nuna maka lambarka a kowane ɓangare. Duba kuma /etc/exports a saba, ka ga ko an lissafa kwamfutarka cikin waɗanda aka yarje wa, sannan bayan kowane gyara ka rubuta exportfs -ra. A wannan fayil sarari ɗaya tsakanin adireshi da baka yana sauya ma'ana baki ɗaya, ya buɗe foldar ga kowa da kowa. Shi kuma chmod 777 da wasu ke gudu gare shi, ma'anarsa duk wanda ya iso zai iya gogewa. Bayanan marasa lafiya da sakamakon jarrabawar yara amana ce, ba a yi mata haka.

Wani abu da ba a cika tunawa da shi ba shi ne agogo. A ma'aikatun da ke da Active Directory, tsarin tantancewa na Kerberos ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti biyar tsakanin agogon kwamfuta da na saba. Kwamfutocin gwanjo da muke saye da yawansu ɗan batirin cikinsu, CR2032, ya riga ya mutu. Ana ɗauke wuta agogo ya koma shekarun baya, saba ta ƙi karɓar kalmar sirrin da take daidai. Dubi kwanan wata a kusurwar allo kafin ka zargi kowa.

Duk abin da za ka gyara, gyara ɗaya, ka gwada, ka rubuta a littafi, sannan ka wuce na gaba. Kuma gwajin gaskiya shi ne ka kashe komai, har da saba da rawuta, ka kunna su tare kamar yadda dawowar wuta ke yi.

Saura abu ɗaya, wanda ya fi duk waɗanda na lissafa haɗari, domin shi ba ya ba da saƙon kuskure ko kaɗan. A Linux, wurin da ake jona foldar saba shi kansa folda ce ta gaske a faifan kwamfutar. In jonuwa ta ƙi, foldar tana nan a buɗe, babu komai ciki, kuma tana iya karɓar rubutu. Ka ɗauka an tsara kwamfuta ta riƙa tura kwafin ajiya can kowane dare. Jonuwa ta katse ba wanda ya lura. Manhajar ta ci gaba da zuba kwafin a faifan gida tana ba da rahoton nasara, wata da watanni, har faifan ya cika, ko ya mutu ya tafi da aikin da kwafinsa gaba ɗaya. In kuma saba ta dawo ta jonu, sai ta lulluɓe abin da aka rubuta a ƙasa, mutum ya nemi aikin jiya ya rasa, alhali yana nan a ɓoye. In haka ta same ka, cire jonuwar da umount ka leƙa foldar, za ka gan shi.

Rigakafin ba wuya. Zaɓin x-systemd.automount da na ambata yana taimakawa, domin in saba ba ta nan, kuskure yake bayarwa maimakon ya bari a rubuta a gida. Na biyu, lokacin da foldar take a sake, rubuta sudo chattr +i da sunanta. Wannan yana hana kowa rubutu a cikinta, har da root, amma ba ya hana a jona saba a kanta. Na uku, duk aikin kwafin ajiya ya fara da tambayar mountpoint -q da sunan foldar, in ba a jone take ba ya tsaya ya sanar da mai kula. Sannan ko da sau ɗaya a wata, mai kula ya je kan sabar da kansa, ya buɗe kwafin baya-bayan nan, ya dubi kwanan watansa, ya buɗe fayil ɗaya ya ga yana buɗuwa.

Lokacinmu ya cika. Mai tambaya ya aiko ta hanyoyin da aka saba, ya haɗo da lambar kuskuren da ya gani da irin kwamfutarsa, za mu duba a shiri na gaba in Allah ya kai mu.